Abin da Ke Bayan Sunaye

Akwai wata budurwa a Daura mai suna Fadila, wadda har yau in aka tambaye ta yadda ta fara haɗuwa da Sada, sai ta yi murmushi ta ce ai da gardama suka fara.

Sada yana da 'yar rumfa kusa da tashar mota, inda yake tura wa mutane fina-finai a waya. Teburi ne da benci, sai wata kwamfuta da ta sha jiki. Ranar Fadila ta je a sa mata sabon fim ɗin jarumai masu ƙarfin ban mamaki, irin masu tashi sama suna ceton gari. Ya gwada turawa, wayar ta ce ba wuri.

Ta ce, "Malam, naka ya cika nauyi. Ka yanke sunayen nan da ke hawa a ƙarshe mana, kamar yadda kowa yake yi. Wa ke karanta su?"

Ya ce, "Ni ba na yankewa, Malama. Mutane ne suka sha wahala aka rubuta sunansu. Kuma masu irin wannan fim ɗin sukan ɓoye wani abu a bayan sunayen."

Ta harare shi. Sai da ta goge hotunan bikin ƙawarta kafin fim ɗin ya shiga.

Da ta koma gida ta kalla, ta zauna tana jiran sunayen su ƙare, ba don komai ba sai don ta koma ta ƙaryata shi. Suna ƙarewa kuwa hoto ya dawo, aka nuno wani ɗan guntun abu da ya sa ta miƙe zaune.

Washegari ta koma rumfar. Ba ta ce ya yi gaskiya ba. Cewa ta yi, "Akwai na biyunsa?"

Ya miƙa hannu ya karɓi wayar.

Fadila daga sakandare karatunta ya tsaya. Turancinta a rubutun da ke fitowa a ƙasan fim ta ƙara shi, tana tsayar da hoto tana neman ma'anar kalma. A hankali ta buɗe shafi a intanet tana rubuta sharhin waɗannan fina-finai da Hausa. Ba ta cika damuwa da wa ya naushi wa ba. Tambayarta ita ce, me ya sa mutumin da ke iya ɗaga gada da hannu ɗaya ya kasa buɗe baki ya ce wa yarinya yana son ta?

Masu karanta ta suna jin daɗin rubutun, amma sun laƙaba mata suna: Fadila Mai Latti.

Dalilin kuwa shi ne, in sabon fim ya fito, wanda ke fara shigowa gari shi ne wanda wani ya ɗauka a ɓoye a gidan sinima. Hoton na rawa, kawunan mutane na wucewa, kuma sunaye na fara hawa yake yankewa. Fadila ba ta rubutu a kan irin wannan. Sai ta jira cikakke ya zo hannun Sada.

Wanda ba ya jira shi ne Musaddiq, wani saurayi mai zaƙin baki, shi ma mai sharhin fina-finai, da mabiyansa suka ninka nata. Fim zai shigo da safe, kafin azahar ya saki bidiyo ya yanke masa hukunci. Yakan ce, "Lokacin da Mai Latti za ta farka, mu mun ci mun wanke hannu."

Ana haka, wata rana Sada yana jona wayarta da kwamfuta, ya yi magana ba tare da ya ɗago kai ba.

"Fadila, ina so in turo manya gidanku. Amma ba na so su zo ina cikin rumfar kwano. Sai na mayar da nan shago tukuna, kuma zai ɗauki lokaci. Za ki iya jira?"

Ta zare wayarta ta tafi, fim ɗin ma bai gama shiga ba. Ba amsar ce ba ta da ita ba, bakin ne ya yi mata nauyi. Ta ci gaba da zuwa rumfar, shi kuma bai sake tayar da maganar ba.

Sai ga babbar dama ta zo. Wata ma'aikaciyar gidan rediyo, Hajiya Khairunnisa, ta shirya buɗe filin sharhin fina-finai na mako-mako. Ta gayyaci Fadila da Musaddiq su zo ranar Asabar su yi sharhi kai tsaye a kan fim ɗaya. Wanda ya fi gamsarwa, filin nasa ne.

Fim ɗin shi ne kashi na ƙarshe na labarin wani jarumi da 'yan kallo ke kira Mai Shanye Ciwo. Baiwarsa ita ce, in ya taɓa mai rauni ko mara lafiya, ciwon sai ya bar mutumin ya koma jikinsa.

Yankakken ya shigo gari tun farkon mako. Musaddiq ya saki bidiyonsa a ranar.

"Jama'a, kada ku ɓata datarku. An watsa wa birni cuta, likitoci suka yi ta fama har mutane suka warke. Shi kuma gwanin naku? Ya juya baya ya fice daga gari, masoyiyarsa na kiransa ko waiwaye bai yi ba. Matsoraci ne. Shekara da shekaru muna bin matsoraci."

Magana ta bazu. A majalisa, a wurin masu shayi, kowa matsoraci yake cewa. A shafin Fadila kuwa sai tsokana: "Mai Latti, ko sai bayan Sallah?"

Ranar Alhamis Hajiya Khairunnisa ta kira ta.

"'Yata, ban ga komai a shafinki ba. Kin ma kalli fim ɗin kuwa?"

"Ban kalla ba tukuna, Hajiya. Cikakken nake jira."

"To ni rediyo ba ta jira. In ba ki shirya ba ki faɗa mini, in ba shi filin shi kaɗai."

Fadila ta ɗauki mayafi ta nufi tasha. Tana zuwa ta ajiye wayarta a teburin Sada.

"Sa mini yankakken."

Ya dube ta. "Yana nan. In kin ce in tura, zan tura, sharhinki ne. Cikakken dai sai gobe Juma'a za a sake shi. Na yi magana da Oga Ndubuisi mai kayan gyaran babura, shagonsa akwai sola kuma intanet ɗinsa na da ƙarfi, a can zan sauke."

"In kuma bai sauka ba?"

"Sai mu ce Allah bai yi ba."

Ta tsaya tana kallon wayar. Ta tuna yadda take kwatanta muryarta a rediyo in tana wanke-wanke. Ta tuna kuma ba ta taɓa zagin fim ko yabonsa ba tare da ta ga ƙarshensa ba. Ta sa hannu ta ɗauke wayarta.

"Bar shi. Zan jira."

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a, shiru. La'asar ta yi, shiru. Rana ta fara yin sanyi sannan ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Sada ne, rigarsa jiƙe da gumi. Ya ce sau biyu fim ɗin yana katsewa wajen saukewa yana sake farawa.

Ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ta kalla. Duk abin da Musaddiq ya faɗa haka yake. Jarumin ya fice, bai waiwayo ba. Sunaye suka fara hawa. Ta ce a ranta wataƙila a banza ta yi jiran nan. Amma ba ta tsayar ba.

Sunan ƙarshe ya wuce, hoto ya dawo.

Ga jarumin can cikin sahara shi kaɗai, jikinsa duk ya rine da cutar. Ashe ba maganin likitoci ne ya warkar da birnin ba, shi ne ya bi gida-gida ya shanye cutar kowa. Ya cika har ya kai in wani ya taɓa shi, za ta koma kan mutane. Shi ya sa bai tsaya ba. Can sai ga masoyiyarsa ta biyo sawunsa. Ta zauna nesa da shi, daidai inda murya za ta kai, ta ce, "Ina nan."

Fadila ta kifa wayar a cinyarta.

Ranar Asabar da hantsi ta tarar da Musaddiq a benci a bakin ɗakin watsa shiri, ya sha shadda yana gyara hula. Ta yi ta shawara da zuciyarta. In ta yi shiru, nasara tata ce a sauƙaƙe. Amma ta matsa kusa.

"Musaddiq, ka ga abin da ke bayan sunaye?"

"Tallar fim na gaba? Ba ni da lokacinta."

"Ba talla ba ce. Ga wayata, ba shi da tsawo. Ka duba kafin mu shiga."

Ya yi dariya. "Mai Latti, rikita ni kike so ki yi? Riƙe abinki."

Aka shiga, aka kunna jar fitilar fara shiri. Musaddiq ya fara, kuma gaskiya ya iya magana. Ya kwaikwayi tafiyar jarumin har mai kula da na'ura ya tuntsire da dariya. Ya rufe da cewa, "Matsoraci, na faɗa na ƙara."

Aka zo kan Fadila.

"Duk abin da ɗan'uwana ya ce ya gani, ya gani. Sai dai ya tashi kafin a gama. Wannan fim ne a kan mutumin da ya yarda a zage shi, in dai waɗanda ke zagin za su kwana lafiya. Ban taɓa ganin jarumtar da ta kai wannan ba."

Hajiya Khairunnisa ta ce, "To faɗa wa masu saurare, me ya faru a bayan sunayen?"

"Ki gafarce ni Hajiya, ba zan faɗa ba. Ni na ji daɗin ganinsa da idona, ba zan ƙwace wa kowa wannan daɗin ba. Duk wanda ya kalla har ƙarshe, ya kira ya ƙaryata ni."

Mai kira na farko ya ce Musaddiq ne da gaskiya. Na biyu ya ce yarinyar nan kame-kame take yi. Fadila ta sunkuyar da kai, hannunta na murza gefen mayafi.

Sai kira na uku ya shigo.

"Sunana Ndubuisi, mai kayan babura. A shagona aka sauke fim ɗin nan jiya. Hajiya, ki dube ni ƙato da ni, na zauna ina hawaye. Matata Ego ta shigo ta zaci rasuwa aka yi mana a gida. Ai mutumin nan da ya je sahara..."

"Oga, kada ka faɗa!" in ji Fadila.

"To 'yata, na kama bakina. Amma wannan yaron mai cewa matsoraci, ya je wajen Sada a tasha a ba shi cikakke. In ya kalla bai ji komai ba, ya zo in ba shi taya kyauta."

Ɗakin ya kaure da dariya. Aka tafi hutun talla.

Musaddiq ya miƙo wa Fadila hannu ba tare da ya dube ta ba. Ta ba shi wayar. Ya kalla har ƙarshe. Da aka dawo, ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"Na janye kalmar matsoraci. Kuma ku sani, ta ba ni wayarta tun a waje in duba, ni na ƙi."

Kafin su bar gidan rediyon, Hajiya Khairunnisa ta dafa kafaɗar Fadila ta ce, "Asabar mai zuwa filinki ne. Amma don Allah ranar kada ki yi latti."

Daga nan tasha ta nufa. Tun daga nesa ta hango babura sun cika gaban rumfar Sada, har da waɗanda suka taso daga Zango da Mai'adua. Kowa na miƙa waya yana cewa, "Mai sunayen nake so, kada a yanke mini komai." Wani dattijo yana gefe yana goge hotuna don ya sami wuri.

Ta zauna a ƙarshen benci har mutane suka ragu. Sada ya ɗago, ya share goshi.

"Na ji ki a rediyo. Barka, Malama Fadila. Me za a tura?"

"Ba komai."

Ta gyara mayafinta. Wannan karon ba ta bar bakin ya yi nauyi ba.

"Tambayar da ka yi mini kwanaki. Ka gina shagonka a tsanake, Sada. Zan jira ka, komai daɗewa. Na yi maka alkawari."

Darasi: Kada ka yanke wa fim ko mutum hukunci alhali ba ka ga ƙarshensa ba. Gaggawa takan sa a fara jin muryarka, amma haƙuri ne ke sa a yarda da ita. In kuma gaskiya ta riga zuwa hannunka, ka miƙa wa ɗan'uwanka kafin ya ji kunya. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tashi tun ba a gama ba.