Barcin Kan Garwashi

Akwai wata mata a Kabo, sunanta Barira, mai sana'ar gyaran jiki. Dilka, halawa, lalle, turaren tsuguno, babu wanda ba ta iya ba. Ba zan rage ta ba, tana da hannu. Matsalarta ɗaya ce, idan ta iya abu sai ta manta wanda ya koya mata.

A Gwarzo ta koyi sana'ar, wajen wata dattijuwa da ake kira Inna Altine. Shekara huɗu tana zaune a gabanta tana kwaɓa dilka, tana hura gawayi.

Inna Altine tana da doka a kan barci, kuma ba ta wasa da ita. Idan mace ta yi barci ana mata dilka ko tausa, a ƙyale ta. A ja mata zane, a sassauta hannu, kuma ko minshari ta yi kada a kai labarin waje. Mata da gajiya suke zuwa, wata rabonta da hutu tun da ta yi aure.

Amma idan mace ta hau kujerar turare, an lulluɓe ta da bargo, kaskon garwashi yana ƙarƙashinta, to barci ya haramta. Sai gawayi ya gama ruruwa a tsakar gida kafin a shigo da shi. Taga a buɗe take. Inna kuma tana zaune a gefe tana jan mace da hira, labarin kasuwa, labarin kuɗin taki, ko me ya zo bakinta. Jim kaɗan sai ta kira sunan matar. Idan ba ta amsa da sauri ba, sai ta yaye bargon.

Ta sha faɗa wa Barira: "Barcin dilka hutu ne. Barcin garwashi ba a san inda zai kai mutum ba. Ki kira sunanta har sai ta amsa."

Barira takan ce to, amma a ranta gani take surutun tsufa ne kawai.

Da ta buɗe nata shago a Kabo, sai ta sa aka rubuta SPA, sunan Turanci na wajen gyaran jiki, da manyan baƙaƙe a kan ƙofa. Mutanen gari suna karanta shi "sifa", ita kuwa tana gyara musu cikin yatsina. Ɗakin turarenta ta toshe shi ruf, labule mai kauri a taga, tsumma a ƙasan ƙofa, wai ƙamshin ne ke gudu. Kuma ta daina hira. Sai ta zaunar da mace, ta ja ƙofa, ta tafi harkar gabanta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hoto. Idan mace ta yi barci a shagonta, sai ta ɗauke ta a waya, ta rufe fuskar da ɗan fure, ta ɗora a shafinta. A ƙasa ta rubuta: a wajenmu har barci za ki yi. Matan aure fa, waɗanda suka ba ta amanar jikinsu.

Labari ya kai wa Inna Altine. Ta hau mota daga Gwarzo ta zo da kanta. Bayan an gaisa, ta leƙa ɗakin turaren, ta ce a buɗe tagar nan, kuma a daina barin mace ita kaɗai da wuta.

Barira ta yi dariya a gaban mata uku da ke jiran layi. Ta ce, "Inna, zamani ya wuce nan. Mata hutu suke zuwa nema, ba hira ba."

Tsohuwa ta ce Allah ya kyauta, ta sa takalminta ta tafi. Shekara biyu ba ta sake taka shagon ba. A cikin shekarun nan an yi mata biyu da suka fito daga ɗakin da jiri da ciwon kai, ɗaya har ta yi amai. Barira ta ce ƙarfin turaren ne, ba su saba da mai tsada ba.

To, Barira tana da 'yar fari, Zinnira. Danginsu asalinsu Fulanin rugage ne da suka zauna suka kama noma, kuma har yau suna riƙe da alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Shekara ashirin da biyu Barira ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba. "Ke" take ce mata. Da aka yi mata aure a Gude, sai ta koma kiranta "ta Gude". Ba rashin so ba ne. Kowa ya san duk duniya babu wanda take ji kamar yarinyar nan, kunya ce kawai ta hana baki faɗa.

Zinnira ta zo gida haihuwa, ta sami ɗa namiji, aka sa masa Muhsin. Ta yi wankan jego lafiya, arba'in ta cika. Ranar Alhamis mijinta Mudassir zai zo ya ɗauke ta.

Ranar Laraba bayan azahar Barira ta ce sai ta gyara 'yarta da hannunta, gyaran da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta yi mata dilka, ta yi mata lalle. Damina ce, hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗawa. Gawayin bai gama ruruwa ba, amma ganin yayyafi ya fara sai ta kwashe shi haka ta shiga da shi. Ta zuba itacen turare, ta zaunar da Zinnira, ta lulluɓe ta har wuya.

Zinnira ta ce, "Umma, kwana arba'in rabona da barcin kirki."

Barira ta ce, "Ke dai huta. Zan riƙe yaron."

Ta ja ƙofa, ta tura tsumman da ƙafa.

Tana fitowa sai ga wata Hajiya da Barira ta daɗe tana son ta zama mai zuwa shagonta. Nan da nan Barira ta goya Muhsin, ta shimfiɗa darduma, ta zauna zana lalle. Hira ta yi daɗi, ruwa yana zuba a kan kwano.

Can ta tuna, ta tashi ta leƙa. Zinnira ta jingina kai da bango, ido a rufe, fuskarta ta yi jajir kamar ta fi kullum kyau. Barira ta yi murmushi. Ta zaro waya ta ɗauki hoto, ta ɗora a shafinta, ta rubuta: ko 'yar gida ba ta tsira daga daɗin wajenmu ba. Ta ja ƙofa a hankali don kada ta tashe ta.

Ruwa yana tsagaitawa sai ga sallamar Inna Altine. Ba don Barira ta zo ba. Ta ji mai jego za ta koma ɗakinta, ita kuma ta goyi Zinnira tana ƙarama, shi ne ta kawo mata daddawa da ɗan zanen goyo.

Aka gaisa sama-sama. Inna ta tambayi mai jego. Barira ta ce tana ciki tana shan turare, har ta yi barci.

Inna ta ajiye ƙullin hannunta. Ta ce, "Tun yaushe?"

Barira ta dubi hannun Hajiya. An gama hannu biyu, an shiga ƙafa.

"Kin kira ta?"

Barira ta ce, "Haba Inna, yaushe na taɓa kiran sunanta?"

Tsohuwar ta miƙe. Ta bangaje ƙofar, ta fizge labule, ta buɗe taga, ta yaye bargon. Jikin Zinnira ya sulale ya faɗo mata a hannu. Suka jawo ta tsakar gida, Inna tana marin kumatunta tana kiran sunanta, shiru.

A nan Barira ta durƙusa a cikin caɓi, da jariri a bayanta, ta kama fuskar 'yarta. Abin da ba ta yi ba shekara ashirin da biyu, ranar ta yi shi.

"Zinnira. Zinnira, ni ce. Ki amsa."

Ba ta amsa ba.

Motar Hajiya ce ta kai su asibiti a Gwarzo. Likita ya ce gawayi yana fitar da wata iska da ba a ganinta, ba a jin warinta. A rufaffen ɗaki sai ta sa mutum barci, daga barcin ta wuce da shi. Ya ce da an fito da ita da wuri, da wataƙila an ceto ta. Kafin magariba Zinnira ta cika.

Mudassir ya zo ranar Alhamis kamar yadda aka yi da shi, amma jana'iza ya zo. Ana zaman makoki wata maƙwabciya ta raɗa wa Barira cewa hoton nan yana nan a shafinta. Mutane har sun yi rubutu a ƙasa, wata ta ce barci mai daɗi, wata ta ce ita ma tana nan zuwa. Barira ta kalli wayar, ta kasa ko goge shi, sai Inna ce ta karɓa ta miƙa wa wani ya cire.

Aka rufe shagon. Har yau rubutun yana kan ƙofa, rana ta cinye rabinsa.

Bayan wata takwas Barira ta je Gwarzo da Muhsin a goye, domin dangin uban sun bar mata shi. Ta zauna a bakin ƙofar Inna Altine. Inna ba ta ce mata ai na faɗa miki ba. Ta tura mata mafici da kasko, ta ce gawayin nan yana son a hura shi.

Yanzu a can Barira take aiki. Ita ce ke zama kusa da mai shan turare, taga a buɗe, tana jan hira, tana kiran suna. Sai dai wani lokaci, idan mace ta ɗan yi shiru a cikin bargo, bakin Barira yakan kuɓuce. Maimakon sunan matar sai ta ce Zinnira.

Matan da suka san labarin ba sa gyara mata. Sai su ce, "Na'am."

Darasi: Dokar da mai sana'a ya gada daga manya ba surutu ba ce, wani ne ya sha wuya kafin a kafa ta. Wanda ya yi barci a hannunki amana ne, ba abin ɗauka a hoto ba. Kada a bar kowa shi kaɗai da garwashi a rufaffen ɗaki, ko don turare ko don jin ɗumi. A buɗe taga, a kira sunansa har sai ya amsa. Ku tura wa masu gyaran jiki da masu jego da kuka sani wannan labari, don Allah kada ku bar shi a wayarku.