Ƙwayar Zarra da Malamai Uku

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

A wata jami'a an yi malaman kimiyya uku, Huwaila da Lawwali da Gambo, ɗakin bincikensu ɗaya. Aikinsu kan ƙwayar zarra ne, 'yar mitsitsiyar abar da ido ba ya gani. Muddin ba a dame ta ba, takan zauna cikin hali biyu a lokaci guda, amma da an auna ta sai ta tsaya kan ɗaya. Me ke tsayar da ita? Shekara bakwai suna musu a kan wannan.

Rannan shugaban jami'a ya kira su ya ce, "Malamai, ɗakinku sito za mu mai da shi, sai fa in kun ciwo gasar bana." Sharaɗin gasar shi ne a riƙe ƙwayar cikin halinta biyu, daƙiƙa biyar, a gaban alƙalai.

Huwaila ta ce zafi da iska da girgiza ne ke taɓa ta. Ta ƙera akwatin sanyi, ta zuƙe iskar ciki, ta ɗora shi kan yashi saboda manyan motocin da ke wucewa ta bayan katanga.

Lawwali ya ce awon da kansa ne ke yin ɓarnar. Wata huɗu ya yi yana rage ƙarfin hasken da ake awon da shi, har ya iya leƙa ta a hankali ba tare da ta rushe ba.

Gambo kuwa ya ce ita da kanta take faɗawa hali guda, kuma mai nauyi ta fi saurin faɗawa. Da alli da allo ya yi lissafi, ya zaɓo mafi sauƙin nauyi.

Suka haɗa dabarun nan uku a na'ura ɗaya, ranar gasa aka kunna ta. Daƙiƙa biyar ta wuce, ta shida, ta tara! Babbar alƙaliya ta miƙe ta ce, "Wannan ba mu taɓa gani ba." Ɗalibai suka ɓarke da sowa, shugaban jami'a da kansa ya kawo musu sabon makullin ɗakinsu. Kowanne cikinsu na murna, yana cewa bayaninsa ne ya tabbata.

Sai dai lambar zinariyar da ake ba wanda ya ci gasar ɗaya ce, suna ɗaya ake zanawa a jikinta. To jama'a, sunan wa ya cancanci a zana?