Famfo Biyu a Ƙauyen Tsamiyar Kura

An ce wai a wata makarantar koyon aikin injiniya an yi malamai biyu, Injiniya Jatau da Malam Tanimu. Jatau ya yi karatu a ƙasashen waje, ya san manyan injuna kamar yunwar cikinsa. Tanimu kuwa abu ɗaya yake nanata wa ɗalibai: kafin su zana komai, su tambayi kansu wa zai gyara shi in ya lalace, da me zai gyara, kuma me zai ci daga ƙasar mutane da ruwansu.

Sannu a hankali ajin Tanimu ya cika har ana leƙe ta taga, na Jatau kuwa kujeru suka fi mutane yawa. Abin ya tsaya wa Jatau a rai. In ya jiyo dariyar ɗalibai ta bayan bango, sai alli ya karye a hannunsa. In an yabi Tanimu a gabansa, ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Da abin ya ishe shi, sai ya tafi wurin shugabar makarantar, wata dattijuwa, Farfesa Lantana. Ya ce, "Ranki ya daɗe, mutumin nan yana mayar da yaranmu zamanin kakanni. Ko a sallame shi, ko ni in tafi."

Ta dube shi ta ce, "Injiniya, ba a yanke wa mutum hukunci a kan zafin zuciyar ɗan'uwansa. Ƙauyen Tsamiyar Kura na fama da ƙishirwa. Kowannenku ya je da ɗalibansa ya kafa musu famfo. Wanda aikinsa ya gaza, shi zai bar aji."

Jatau ya kafa inji mai ruri, wanda ke cika randa kafin a gama sallama. Tanimu ya kafa famfon hannu, ruwansa siriri. Ranar dubawa mata suka yi ta guɗa a wajen injin Jatau, shi kuwa yana satar kallon Tanimu, zuciyarsa fari fat.

Farfesa Lantana ta yaba. Sannan ta tambayi kowannensu, "Me zai fara lalacewa a naka?" Jatau ya nuna wani ɗan ƙarfe mai haƙora. Tanimu ya nuna wata 'yar fata da ke riƙe ruwa a cikin bututu. Ta sa aka ciro su duka biyu, ta ƙulle a bakin mayafinta.

Ta ce, "Ku ɗauka shekara uku ta wuce, kun koma gidajenku. Ku zauna nan ƙarƙashin inuwa, kada wanda ya sa hannu. Mutanen gari su gyara."

Badukun garin ya duba famfon Tanimu, ya yanko fata daga ragowar takalmi, kafin la'asar ruwa ya dawo. Maƙeri kuwa ya kewaya injin Jatau sau uku, ya ce, "Wannan sai dai a aika inda aka ƙera shi."

Jatau ya ga matan da suka yi masa guɗa sun kwashe bokitansu sun koma layin Tanimu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji hukunci. Gobe zan kwashe littattafaina."

Dattijuwar ta ce, "Na ce za ka bar aji, ban ce za ka bar makaranta ba. Ka bar naka ka shiga nasa, ku koyar tare. Ruwanka ya fi nasa yawa, nasa ya fi naka kwana. Ƙauyen nan na bukatar duka biyun."

Ya shiga, da nauyin ƙafa da farko. An ce famfon da ɗalibansu suka ƙera a shekarar da ta biyo baya, jikokin badukun nan ne ke gyara shi har yau.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, ba a auna gwani ranar da ake yi masa guɗa, sai ranar da aikinsa ya lalace ba ya nan.