Igiyar da Almustapha Ya Ƙi Ɗaurawa

Akwai wani mutumin Goronyo mai suna Almustapha, ɗan gidan masunta. Tun bai iya sa wando ba ya iya iyo. Da ya girma ya karanci ilimin ruwa, har Allah ya kai shi cikin ayarin masu bincike da suka tafi can ƙarshen duniya ta kudu, inda ba gari ba gona, sai ƙanƙara iyakar ganinka.

A jirgin ruwan da ya ɗauke su akwai wani ɗan ƙasarsu, Habibullahi, mutumin Gandi ta ƙasar Rabah. Shi binciken iska ne aikinsa. Gidansu manoma ne, ruwan da ya sani kafin wannan tafiya bai wuce na rijiya da na damina ba.

Bayan watanni aiki ya ƙare, jirgi ya juya ya nufo gida.

Kowa murna yake, amma hanyar dawowa ita ce mai wuyar. Tekun wajen ba ya kwanciya. Masu dafa abinci sukan jiƙa ƙyalle su shimfiɗa kan tebur don kada kwanuka su zame. In za ka kwanta sai ka tokare jikinka da matasai, in ba haka ba ka farka a ƙasa. Salla kuwa sau da yawa a zaune ake yin ta, alƙibla ma sai an sake dubawa domin jirgi ya karkata. Wani lokaci gutsuren ƙanƙara ya bugi gindin jirgin, ƙarar ta ratsa har cikin haƙoranka.

Da rana ana shirya kayan awo cikin akwatuna, ana duba ɗakin sanyi inda aka ajiye ƙanƙarar da aka haƙo. Dokar kyaftin kuwa ɗaya ce: duk wanda zai fita saman jirgi, sai ya ɗaura igiya a ƙugu ya maƙala ƙugiyarta a jikin ƙarfe.

Habibullahi bai taɓa saba wa tekun ba. Jiri da amai sun rame da shi. In zai fita, sai ya maƙala ƙugiya, ya ja ta, ya sake ja, bakinsa na motsi da addu'a.

Wannan ya zama abin dariyar Almustapha. A ɗakin cin abinci yakan kwaikwayi tafiyarsa, ya fassara wa Turawa da sauran baƙi, a yi ta ƙyaƙyatawa.

"Mutumin Gandi, mi kaka tsoro haka? Ka ɗamre kanka kamar akuyar kasuwa!"

Habibullahi yakan ce, "Malam Almu, wanga ruwa ba irin naku na ba. Ka ɗamra taka, don Allah."

"Ni da anka haifa bakin gulbi? Ruwa bai jin kunyar kowa sai tawa."

Habibullahi sai ya ci gaba da tura busasshen burodinsa.

Wata rana bayan azahar sama ta yi baƙi ƙirin. Aka yi shela ta lasifika cewa guguwa na tafe, kowa ya shiga ciki. Sai aka tuna akwai wani akwatin kayan awo a bayan jirgi da ɗaurinsa ya saki. Kyaftin ya yarda mutum biyu su fita su ƙara ɗaure shi kafin iska ta yi ƙarfi, kuma kayan na Almustapha da Habibullahi ne, don haka su aka tura.

Suna buɗe ƙofa iska ta mare su. Sanyin kamar ana yanka fuska da reza. Ruwan ya tashi tsauni-tsauni, jirgin ya hau ya sauka yana kuka kamar zai rabe biyu. Habibullahi ya maƙala ƙugiyarsa, ya ja ta, ya sake ja.

Igiyar Almustapha ba ta kai wajen akwatin ba. Maimakon ya matsar da ita gaba, sai ya cire ta gaba ɗaya.

"Malam Almu! Maida ta!"

"Yanzu-yanzu zan gama!"

Bai rufe baki ba taguwar ruwa ta hauro ta gefe, ta fi tsayin ɗaki. Ta ɗauke shi kamar tsinke.

Abin da Almustapha ya fara ji shi ne numfashinsa ya tsaya. Wannan ruwa ba a iyo a cikinsa. Hannuwansa suka ƙi motsi, ƙirjinsa ya ƙulle, ruwan gishiri ya cika masa baki. Ya ji ana jan sa a kan ƙarfe zuwa bakin jirgi, ƙafafunsa suka zura ta ƙarƙashin shingen ƙarfen da ya kewaye jirgin, suna lilo a kan teku. Ya leƙa ƙasa ya ga baƙin ruwa na tafasa. Ya so ya yi kalmar shahada, harshe ya ƙi juyawa.

Sai ya ji an cafki wuyan rigarsa.

Habibullahi ne. Ya jefa kansa cikin ruwan har iyakar tsawon igiyarsa, ya kama shi da hannu biyu. Yanzu nauyin mutum biyu na kan igiya ɗaya, tana ƙara kamar za ta tsinke.

Taguwa ta biyu ta zo ta maka su da shingen ƙarfe. Almustapha ya ji wani abu ya ce ƙas a hannun Habibullahi, ya ji ihunsa a cikin kunnensa. Amma bai sake shi ba. Ya naɗe shi da ɗaya hannun da ƙafafu, yana ta maimaita, "Ya Hayyu ya Ƙayyumu!" har ma'aikatan jirgi suka iso suka janye su ciki.

Guguwar ta kwana biyu tana dukan jirgin. Almustapha na kwance a ɗakin likita cikin barguna, jikinsa na kakkarwa. Duk sanda jirgi ya karkata sai ya ƙanƙame gefen gado, yana jin kamar ruwan ya biyo shi. A gadon kusa da shi Habibullahi ne, hannunsa na dama a karye an ɗaure.

Da teku ta lafa, Almustapha ya roƙi mai dafa abinci ya dama musu kunu. Ya zauna bakin gadon Habibullahi yana ba shi da cokali. Ya daɗe bai iya haɗa ido da shi ba.

Can ya ce, "Malam Habibu, ka yafe mani. Na wulaƙanta ka gaban baƙi. Amma gaya mani, kai da ba ka iya ruwa ba, ina ka samu ƙarfin zuciyar ga?"

Habibullahi ya haɗiye kunun, ya girgiza kai.

"Wane ƙarfin zuciya? Wallahi tsoro na. Na tuna in mun isa, ni za a aika Goronyo. Na rasa mi zan ce ma mahaifiyarka in ta ga na shigo ni kaɗai."

Almustapha ya aje cokalin, ya kifa kansa a kan bargon, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro.

Darasi: Kada gwanintarka ta sa ka raina doka, kuma kada ka mai da tsoron ɗan'uwanka abin dariya. Wanda kake yi wa ba'a yau, wataƙila a hannunsa Allah ya ajiye tsirarka. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga 'yan'uwa da abokai su ma su amfana.