Tarin Ladan Shitu

Ku matso, yau ma na zo muku da abin gardama.

A wani gari an yi ladan, Malam Shitu, wanda ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Sai ga tari ya kama shi, har da jini. Kiran sallar asuba ya fara yankewa a tsakiya, hankalin gidansa ya tashi, ga matarsa da tsohon ciki. Mutanen gari, da yake kowa likita ne, suka ce beli ne, a kira wanzami.

Yana da 'yan'uwa mata uku.

Babbarsu, Hansatu, ta iso wanzami ya riga ya buɗe zabira. Ta riƙe hannunsa, ta ce ba za a yanka mai tofar da jini ba. Aka zage ta, ta shanye, ta sa ɗan'uwanta a mota sai asibitin birni.

Can likita ya so ya fara ba shi maganin tarin fuka. Rakiya, ta biyu, wadda ta goya Shitu yana yaro, ta tuna, ta gaya wa likitan muryarsa ta taɓa dishewa, har aka cire masa wasu 'yan tsiro a maƙogwaro. Likita ya ajiye biro. Ya ce ƙwayar cutar da ke sa wannan tsiron takan ɓuya shekaru, jefi-jefi ta gangara huhu ta zama daji. Aka duba, shi ne, bai yaɗu ba tukuna.

Da aka ce za a yanke ɓarin huhun kuma muryarsa ba za ta koma ba, Shitu ya ƙi. Wai gara ya mutu da kiran salla a baki. Aka yi lallashi har aka gaji. Sai Sa'ade, autarsu, ta nuna masa cikin matarsa.

“Yaya, ka kira wa gari salla shekara da shekaru. Wa zai kira wa wannan a kunne?”

Ya yarda.

Aka yi aikin, ya tashi, amma har yanzu yana komawa a duba shi, kuma duk komawa gaban kowa faɗuwa yake. Matarsa ta haifi mace. Ya raɗa wa jaririyar kiran salla da 'yar muryar da ta rage, ya yi kuka. Gobe suna, ya rantse sunan wadda ta ceto shi zai sa.

To, Hansatu ce, ko Rakiya, ko Sa'ade?