Murhun Yalwa da Ƙwaryar Ruwan Azumi

An ce wai a wani gari na bakin gulbi an yi wata dattijuwa maginiya mai suna Yalwa, wadda ba ta da sana'a sai gina murhun yumɓu. Takan kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, ta gina murhu mai baki ɗaya na tura itace, ta bar shi kwana bakwai a inuwa ya bushe. Matan garin sun shaida murhunta ba ya cin itace, hayaƙinsa kuma ba ya sa mutum kukan dole. Da wannan ta ci, da shi ta sha, har furfura ta rufe mata kai.

To, akwai wata mai tuwo a bakin kasuwa, Azumi, mace mai ƙoƙari amma bakinta ba ya shiru. Sau uku Yalwa tana gina mata murhu, sau uku yana darewa kafin wata ya zagayo. A na ukun, tukunyar miya ta kife a gaban masu saye. Azumi ta ɗaura gyale a ƙugu ta bi kasuwa tana shela cewa tsohuwa ta rikice, hannunta ya mutu, ƙasar shara take kwaɓa wa mutane. Kafin mako biyu babu wadda ta sake kiran Yalwa aiki. Azumi ba ta tsaya nan ba, ta kai ƙara gaban Alƙali Haliru, tana neman a hana Yalwa gini a garin gaba ɗaya.

Ranar shari'a Yalwa ta durƙusa gaban alƙali. Abin da ya fi cin ranta shi ne ita kanta ta fara shakka: ko dai da gaske tsufa ya cinye mata hannu?

Alƙali ya ce, "Azumi, kina da shaidar cewa yumɓun mugu ne?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ga gutsattsarin murhu uku a kwando. Wace shaida ta fi wannan?"

Ya juya ga Yalwa. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, daga rami ɗaya nake ɗibar wa kowa. Dalilin darewar nata, wallahi ban sani ba."

Alƙali ya shafa gemu, sannan ya ce, "Gutsattsari sun nuna murhu ya fashe, ba su nuna wanda ya fasa shi ba. Idan na hana dattijuwa sana'arta a kan zato, na yanke mata abinci. Idan na kori mai ƙara a kan zato, na toshe bakin mai gaskiya. Saboda haka, Yalwa, ki kwaɓa yumɓu ɗaya ki gina murhu biyu a farfajiyar nan. In sun bushe, Azumi ce za ta zaɓi nata, ke ki ɗauki ragowar. Kowacce ta yi girkin rana kwana uku, da itace daga dami ɗaya, yadda ta saba a gidanta. Kada wadda ta ce wa 'yar'uwarta uffan."

Mutane suka tashi suna gunaguni, wai Malam tuwon banza yake nema. Ka ji mutane!

Aka gina, aka jira, Azumi ta ƙwanƙwasa wannan ta ƙwanƙwasa wancan ta zaɓa. Ranar farko suka hura wuta da hantsi, alƙali na zaune a inuwar zaure kamar ba ruwansa. Da Yalwa ta sauke tukunya, sai ta zare ragowar itacen, ta kwashe garwashi da kasko ta kai gefe ta rufe da yashi, ta bar murhu ya huce da kansa. Tana ɗagowa sai ta ga Azumi ta cika ƙwarya da ruwan randa, ta kwara shi cikin murhun da ya yi jawur. Cuuu! Tururi ya turnuƙe.

Yalwa ta dafe ƙirji. Ashe! Maganar ta zo mata har leɓe, sai ta ga alƙali ya ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ya dube ta ba. Ta haɗiye. Rana ta biyu ma haka. A rana ta uku, ruwan na sauka sai aka ji ƙas! Murhu ya tsage tun daga baki har gindi, tsagar da yatsa zai shiga.

Azumi ta yi tsalle. "Kun gani ko? Kun gani da idonku!"

Alƙali ya ce, "Mun gani. Yumɓu ɗaya, itace ɗaya, ke kika zaɓa. Dubi na Yalwa." Ta duba, lafiya lau, ko zane babu. Ya ce, "Me ya sa kike kwara wa murhu ruwa yana da zafi?"

Ta ce, "Don gawayi mana, Malam, kada ya zama toka a banza. Haka na ga uwata tana yi."

"A kan wane murhu?"

"Na duwatsu uku."

Tana faɗa, sai ta gane. Ta dubi ƙwaryar da ke hannunta, ta ajiye a hankali. Yalwa kuwa hawaye suka zubo mata, na daɗi. Ashe hannunta bai mutu ba! Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta ce alhamdu lillahi har sau uku.

Alƙali ya ce, "Azumi, ba mugunta kika yi ba, tattali kika yi a inda bai dace ba. Amma kin ɓata sunan dattijuwa a kasuwa, a kasuwa za ki gyara shi, da muryar da kika ɓata shi. Ke kuma Yalwa, sau uku kina gina mata, kin taɓa zama kin ga yadda take kashe wuta?"

Yalwa ta sunkuyar da kai. "Ban taɓa ba, Allah ya gafarta Malam. Na ɗauka kowa ya sani."

"To daga yau, duk gidan da kika gina murhu, ba ki gama aiki ba sai kin ga an yi girkin farko an sauke, kin nuna yadda ake barinsa ya huce."

Azumi ta matso ta durƙusa. "Inna, ki yafe mini."

Yalwa ta share ido ta ce, "Na yafe, 'yar nan. Amma kin san muryarki, ki ɗaga ta sosai."

Ta kuwa ɗaga, har mahauta a ƙarshen kasuwa suka ji. Kafin la'asar mata huɗu sun yi sallama a gidan Yalwa suna neman murhu.

Shi ya sa masu hankali ke lura da wannan: wanda ya ba ka abu bai koya maka riƙonsa ba, rabinsa ya ba ka; wanda kuma abu ya lalace a hannunsa sau uku, ya fara tuhumar hannun kafin ya tuhumi mai yi.