Telan da Ya Toshe Kukan Ɗansa

An yi wani mutum, tela, wanda in ka gan shi za ka ba shi mukullin gidanka ka yi tafiya hankali kwance. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba, ba a taɓa jin ya ɗaga wa matarsa murya ba. Ɗakin gaba na gidan da suke haya shi ne shagonsa: keken ɗinki a bakin taga, teburin yanka, dutsen guga, da buhun ƙyallaye a lungu. Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake kiranta.

Sun daɗe suna jiran haihuwa kafin Allah ya ba su ɗa namiji. Da hutun haihuwa ya ƙare, Malama ta ce a nemi mai raino. Shi ya hana. Ya ce, "Ina zaune a gida wuni guda, a kai ɗana hannun bare? Ki bar min shi, ki tafi aikinki."

Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa. Ba a ɗora masa ba. Shi ya miƙa hannu ya karɓi amanar da bakinsa.

Surukarsa ta zo ta zaunar da shi ta koya masa. Ta ce jariri ba ya kuka a banza. Ka duba ko ya jiƙa, ka duba ko yunwa ce. In iska ce a ciki, ka saɓa shi a kafaɗa ka riƙa bubbuga bayansa har ya yi gyatsa. In zafi ne, ka rage masa kaya. "In ka yi duk wannan bai yi shiru ba, to magana yake yi maka. Ka ajiye komai ka kai shi a duba." Tela ya ce ya ji, har da dariyarsa, wai shi da ke zura zare a allura ba zai kasa ɗan wannan aiki ba.

Da farko abin ya tafi daidai. Malama takan tatsi nono ta ajiye, ta fita da safe, ta dawo bayan azahar ta tarar da su lafiya. Sai wani irin kuka ya fara. Ba irin na yunwa ba, ba na barci ba. Kuka ne mai tsini, yaro ya banƙare, fuska ta yi ja, yana kai hannu yana jan kunnensa. Tela ya saɓa shi, ya jijjiga shi, ya karkaɗa masa mukullai, ya zagaya tsakar gida da shi har ƙafafunsa suka gaji. A banza.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe jaririn da ya ƙi shiru ya san yadda kai ke sarawa, ya san yadda mutum mai hankali ke jin kamar ya buɗe ƙofa ya gudu. Gajiya ba zunubi ba ce. Zunubin yana gaba.

Wata rana yana cikin yanka yadin wani mutum mai faɗa, yaro ya tsala ihu, almakashi ya goce ya ɓata hannun riga. Mai yadi ya zo ya wanke shi tas a gaban masu jira, ya ce shago ne wannan ko ɗakin haihuwa. Da kowa ya watse, Tela ya zauna yana huci, yaro yana ta yi. Sai idonsa ya faɗa kan kwalbar maganin murar da yake sha, na manya, irin wanda in ya sha yakan ji idonsa ya yi nauyi. Ya tsiyaya ɗan kaɗan a murfin kwalbar, ya ɗura masa. Ba a jima ba gida ya yi tsit. Ranar ya gama riguna har ya yi guga.

Malama ta dawo, ta ajiye jaka, ta leƙa gadon yaro. Ta ce, "Baban yaro, ya yi rigima yau?"

Ya ce, "Ko kaɗan. Ai yana hannun ubansa."

Ya 'yan uwa, murfin farko kuskure ne na gajiyayye, kuma da ya faɗa da an gyara. Wannan amsar ita ce ƙofar da Shaiɗan ya shigo ta cikinta. Me ya hana shi cewa, na kasa? Me ya hana shi cewa, na yi abin da bai kamata ba? Girman kai ne. Ya riga ya cika baki a gaban mata biyu, ba zai iya janye maganarsa ba.

Gobe ma ya ba shi. Jibi ma haka. Da murfi ɗaya ya daina aiki sai ya ƙara, har ya koma ba shi da cokalin yaron. Kwalba ta ƙare ya sayo wata, mai kantin magani har yana yi masa sannu, wai wannan mura ta ƙi shi.

Yanzu ku dubi abin da ya faɗa wa uwa. Da yamma magani yakan saki yaron, daidai lokacin da yake hannunta. Sai kukan nan ya dawo fiye da da. Ya ƙi kama nono, ya riƙa goga kansa a ƙirjinta yana jan kunne. Ranakun da ba makaranta kuwa, tun safe yake yi. In abin ya ishe su, sai Tela ya ce, kawo shi. Ya shiga shago da shi ya turo ƙofa, ya fito bayan ɗan lokaci yaro ya lafe a kafaɗarsa.

Matan gidan haya suka samu abin magana. Suka sa masa suna Mai Sanyin Hannu. Suna ce mata, "Malama, ke da kike koyar da 'ya'yan mutane, ki zo ki shiga ajin mijinki mana." Wata ta ce in dai haka ne a ba shi zani ya goya, ita ta hau keken ɗinki. Ana dariya, shi ma yana dariya, yana gyara wuyan riga.

Malama tana yin murmushi a gabansu, ta shiga kicin ta yi kuka. Ta ɗauka nononta ne ke ɓata masa ciki, ta bar cin abin da take so ɗaya bayan ɗaya har ta rame. Ta ɗauka don tana barinsa ta tafi aiki ne ya manta ta. Wata rana ta same shi a shago, ta zauna a kan benci, ta ce, "Don Allah ka koya min. Me kake yi masa da ni na kasa?"

Ya dube ta ya ce, "Haƙuri ne kawai. Ke kin cika gaggawa."

Wallahi, ya 'yan uwa, duk lokacin da na zo nan a labarin nan sai raina ya ɓaci. Mace ta zo maka da hawaye tana zargin kanta a kan laifin da kai ka yi, kwalbar tana bayanka cikin buhu, ka buɗe baki ka yi mata wa'azin haƙuri. Wace irin zuciya ce wannan?

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ta matsa sai sun je ƙaramin asibitin unguwa. Kafin su fita ya faki idonta ya ba yaron, don kada ya yi kuka a gaban mutane. Ma'aikaciyar jinya ta karɓi yaro ta gan shi lumshe da ido, ba kuka, jiki ba zafi sosai. Ta ce, "Da rana fa, yaya yake wuni?" Malama ta juya ta dubi mijinta, don shi ne shaidar rana. Ya ce lafiya lau, barcinsa yake sha. Ma'aikaciyar ta ce wataƙila haƙori ne ke tafe, in ya ci gaba su dawo. Ba laifinta ba ne. Ta yi aiki da abin da aka gaya mata.

Ciwo kuwa ba ya barci don an sa mai shi barci. Yana can cikin kunne yana ci.

Wata safiya Malama ta je ɗaukarsa ta ji jikinsa da zafi rau, wuya ya sandare, ruwa mai wari ya zubo daga kunne ya ɓata shimfiɗa. Ta girgiza shi bai buɗe ido ba. Suka kwashe shi sai babban asibiti. Likita ya duba ya ce ciwon kunne ne da ya daɗe, har ya haura kai. Ya ce, "Yaron nan ya jima yana shan azaba. Kuma wannan barcin nasa bai yi min ba. An ba shi wani magani a gida? Ku gaya min gaskiya, don in san abin da zan yi masa."

Malama ta ce, "Wallahi likita, ba wanda ya ba shi komai. Ubansa ne ke riƙe shi, ba mai raino ba."

Ta rantse da Allah a kan gaskiyar mijinta. Shi yana tsaye a gefenta, ɗansa yana kwance ana neman jijiyar da za a sa masa ruwa, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. 

Da aka kwantar da yaron, ta koma gida ɗebo kaya. Tana buƙatar ƙyalle mai laushi da za ta riƙa share masa kunne, sai ta shiga shago ta cusa hannu cikin buhun ƙyallaye. Ta ji ƙarar kwalba. Ta zazzage buhun a ƙasa. Kwalabe suka gangaro, duk babu komai ciki sai ɗaya, tare da ɗan cokalin yaron da ta daɗe tana nema, yana danƙo.

Ba ta yi ihu ba. Ta tattara su a leda, ta koma asibiti, ta ajiye a kan teburin likita a gaban mijinta. Sannan ta juya gare shi.

"Da ka ce min ka gaji, da ranar zan ajiye aikin. Ai ba zan ƙi ba." Ta ƙara da cewa, "Ka bar ni ina tsammanin ɗana ba ya sona. Ka bar ni na rantse."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ya fita.

Yaron ya rayu, da ikon Allah da ƙoƙarin likitoci. Amma jinsa ya tafi, kunne biyu. Likita ya ce da an kawo shi tun yana jan kunne, maganin 'yan kwanaki ya ishe shi.

Daga asibiti Malama gidan iyayenta ta wuce. Ta nemi saki, ba wanda ya tsaya ba ta haƙuri, har cikin dangin shi Telan. Labari ya bazu. Masu ɗinki suka riƙa zuwa suna karɓar yadinsu, wanda aka yanka da wanda ba a yanka ba. Wata maƙwabciya da takan bar masa 'yarta in za ta kasuwa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Tawa ma ka ba ta?" Ya rantse bai taɓa ba. Kuma gaskiya ya faɗa, amma wa zai yarda? A ƙarshe ya sayar da keken, ya koma wata unguwa yana yi wa wani tela guga.

Wani lokaci yakan je ganin yaron. Kakar takan bar shi ya tsaya a tsakar gida, don ta ce ba za ta raba ɗa da uba ba. Yaro ya yi wayo, yana zaune yana wasa da murafen gwangwani, ya ba ƙofa baya. Uban ya kira sunansa. Ya sake kira, ya ɗaga murya, ya tafa hannu. Yaron bai waiwayo ba. Sai kakar ta taso ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa, sannan ya juyo ya dubi mutumin ya koma wasansa.

Ya 'yan uwa, jariri ba shi da baki sai kuka. Ba zai iya cewa kunnena ba, ba zai iya cewa cikina ba. Allah ya sa kukan ya zama mai hana sukuni don kada mu iya yin biris da shi. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwar. Salla ce fa aka taƙaita. To hannun riga fa? Sunan da matan gida suka sa maka fa?

Kai uba, ke uwa, ke mai raino: in ya yi kuka ku duba shi, ku ɗauke shi, ku lallashe shi. In kun ji ranku ya kai maƙura, ku kwantar da shi inda ba zai faɗi ba, ku fita ku sha iska, ku kira wani ya karɓe ku. Kada ku girgiza shi da fushi. Kada ku ɗura masa abin da likita bai ce ba. In kukan ya ƙi ƙarewa ku kai shi a duba, kuma a can ku faɗi gaskiya duk ɗacinta. Cewa na kasa ba ya rage wa namiji komai. Mutumin nan ya ƙi faɗin haka sau ɗaya, ɗansa ne ke biya har ƙarshen rayuwarsa, kuma akwai ranar da za a tambaye shi a gaban yaron.

Ya Allah, ka tsare mu daga cin amanar waɗanda ba sa iya kai ƙararmu. Ka ba mu haƙuri da raunana, ka sa mu iya faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ka ba uwar yaron nan ladan abin da ta haɗiye. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriyarmu. Amin.